Idan Ɗan Wasa Ya Yanke Jiki Ya Faɗi: Jagorar Agajin Gaggawa ga Ƙananan Ƙungiyoyin Wasanni

Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Kowane minti da ya shuɗe ba a yi masa komai ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Da wuya motar asibiti ta iso filin makaranta ko na ƙaramar ƙungiya cikin wannan ɗan lokacin, ko da a ƙasar da ta fi kowace tsari ce. Don haka wanda Allah zai sa ya zama sanadin ceton ɗan wasan da ya faɗi yana cikin mutanen da ke tsaye a bakin fili tun farko: koci, alƙalin wasa, abokin wasa, ko wani uba da ya zo kallon ɗansa. Wannan jagora domin su aka rubuta ta.

Masu bin ƙwallo ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola, bai sake tashi ba. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru, ranar 26 ga Yunin 2003 a birnin Liyon na Faransa, ya zube a tsakiyar fili babu wanda ya taɓa shi, daga baya aka gano tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da ƙima. Amma akwai waɗanda suka rayu. Fabrice Muamba ya faɗi a Landan ranar 17 ga Maris 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, ana ta danna masa ƙirji har aka dawo da shi. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a Kopenhegan ranar 12 ga Yunin 2021, aka fara danna masa ƙirji nan take, aka ɗora masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya dawo hayyacinsa kafin a fitar da shi daga fili, kuma a farkon 2022 ya koma buga ƙwallo. Abin da aka fara yi wa Eriksen a mintocin farko ba aikin da sai likita ba ne. Duk mai hannu biyu da ya samu horo na yini ɗaya zai iya.

Mataki na farko: a san waɗanda za a horar, kuma a tura su

Kuskuren da ƙananan ƙungiyoyi suka fi yi shi ne su horar da mutum ɗaya, su ce sun gama. Ranar da abin zai faru, mutumin nan yana iya kasancewa ya yi tafiya, ko ma shi ne ya faɗi. A ƙalla a samu mutum uku ko huɗu a kowace ƙungiya: koci da mataimakinsa, kyaftin, da wani wanda ba ya fashin zuwa atisaye. A lura, na ce atisaye. Ana yin atisaye sau da yawa fiye da wasa, kuma a lokacinsa ne ba kowa a bakin fili. Cheick Tioté na Kwaddibuwa a wajen atisaye ya faɗi a birnin Beijin a watan Yunin 2017. Idan ƙungiyar mata ce, dole a samu mata cikin waɗanda aka horar, domin bincike ya nuna mata ba su cika samun wanda zai danna musu ƙirji a bainar jama'a kamar maza ba, saboda mutane suna jin nauyin taɓa su, kuma wannan jinkirin yana cin rai.

Ƙungiyar Red Cross da takwararta Red Crescent suna ba da irin wannan horo a kusan kowace ƙasa, haka wasu asibitoci da makarantun koyon aikin jinya. Sharaɗi ɗaya zan kafa: kada ku yarda da horon da babu mutum-mutumin gwaji a cikinsa. Karatu da kallon bidiyo suna da amfani, wannan rubutun ma haka, amma sai hannunka ya ji irin ƙarfin da ƙirji yake buƙata kafin ya lotsa za ka san abin da ake nufi. Yawancin masu koyo suna mamakin yadda abin yake da nauyi.

Mataki na biyu: tsarin da kowa ya sani kafin a busa usur

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna ku rubuta amsar waɗannan tambayoyi a takarda ɗaya, ku manna ta a jikin jakar agaji. Wane ne zai fara isa ga wanda ya faɗi? Wane ne zai buga waya, kuma wace lamba? A ƙasashe da yawa 112 ce lambar gaggawa, amma ku gwada ku tabbatar da wadda take aiki a inda kuke, ku kuma riƙe lambar asibiti mafi kusa. Wane ne zai ɗauko na'ura? Wane ne zai tsaya a bakin hanya ya nuna wa mota ƙofar shiga, kuma makullin ƙofar yana hannun wa? Wane ne zai kori taron jama'a baya? Idan motar asibiti ba za ta zo ba, motar wa za a yi amfani da ita, kuma an ajiye ta inda wasu ba za su tare ta ba?

Tambaya ɗaya da ake yawan tsallakewa: asibitin da za ku nufa yana da na'urar farfaɗo da zuciya kuwa? Ku je da ƙafarku ku tambaya tun ana zaman lafiya. Wani lokaci asibitin da ya fi kusa ba shi ne mai ita ba.

Jakar agaji ba sai ta yi tsada ba. Safar hannu ta roba, bandeji iri-iri, auduga mai tsabta, filasta, almakashi mai ƙarfin yanka riga, tawul, reza, abin rufe baki na hura numfashi, ƙanƙara a cikin kula, da ruwa mai yawa. A ajiye littafi mai sunan kowane ɗan wasa, lambar wanda za a kira daga gidansu, da duk wata larura da yake da ita kamar asma, farfaɗiya, ciwon suga ko sikila.

Wannan littafin yana iya hana abin faruwa gaba ɗaya. A tambayi kowane sabon ɗan wasa: ya taɓa suma yana cikin gudu? Yana jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari idan ya motsa jiki? Akwai wanda ya yi mutuwar farat ɗaya a danginsu yana ƙasa da shekara 50? Duk wanda ya ce e, ya ga likita a yi masa gwajin zuciya kafin ya ci gaba. Mai zazzaɓi kuma kada ya buga wasa, komai muhimmancin wasan, domin wasu cututtukan suna kumbura tsokar zuciya, gudu a kan hakan yana iya tsayar da ita.

Mataki na uku: gane abin da ke faruwa

Nan ne ake asarar mafi yawan lokaci, don haka zan daɗe a kansa. Ƙa'idar ita ce: duk ɗan wasan da ya faɗi ba tare da wani ya taɓa shi ba, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba ita ba ce. Kada a jira alƙali ya ba da izinin shiga fili. Haka wanda ƙwallo, gwiwa ko naushi ya same shi a tsakiyar ƙirji ya zube, ko da ya ɗan taka kafin ya faɗi. Duka a daidai wani ɗan lokaci na bugun zuciya yana iya rikita ta ko da lafiyarta ƙalau, kamar yadda ya faru da Damar Hamlin, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ranar 2 ga Janairun 2023. Shi ma ya rayu saboda an fara aiki a kansa nan da nan.

Ka durƙusa kusa da shi, ka bubbuga kafaɗunsa biyu, ka kira sunansa da ƙarfi. Idan bai amsa ba, ka kwantar da shi rigingine, ka ɗora hannu ɗaya a goshinsa, ka ɗaga haɓarsa da yatsu biyu don hanyar iska ta buɗe. Ka dubi ƙirjinsa, ka kasa kunne a bakinsa, amma kada ka wuce daƙiƙa goma. Kada ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya a wuya ko a hannu. Ko ma'aikatan lafiya sukan yi kuskure a nan idan hankali ya tashi.

Abubuwa biyu ne suke yaudarar mutane. Na farko, wanda zuciyarsa ta tsaya sau da yawa yakan ci gaba da jan numfashi jifa-jifa, da kakari ko wani sauti kamar minshari, baki yana buɗewa yana rufewa. Jama'a sai su ce ai yana numfashi, a ba shi iska. Wannan ba numfashi ba ne, alama ce ta tsayawar zuciya. Na biyu, yakan yi jijjiga ta ɗan lokaci, hannu da ƙafa suna fizga, ido a buɗe, sai a ce farfaɗiya ce za ta sake shi. A wurin ɗan wasan da ba a san shi da farfaɗiya ba, jijjiga bayan faɗuwar farat ɗaya zuciya ce har sai an ga akasin haka. Idan kana shakka, ka fara dannawa. Wanda zuciyarsa ke aiki zai motsa ko ya ture hannunka, kuma da wuya ka yi masa wata illa babba. Wanda tasa ta tsaya kuwa, jiranka ne zai kashe shi.

Akwai abubuwan da taro yakan yi da kyakkyawar niyya, dukkansu ɓata lokaci ne ko cutarwa: kwara masa ruwa, yi masa fifita da riga, ɗaga shi zaune, girgiza shi, ɗura masa ruwa a baki, da cusa yatsu ko cokali don a jawo harshe. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin da ke faruwa shi ne harshen yana saki ya kwanta a bayan maƙogwaro, kuma ɗaga haɓa yana gyara wannan. Mai cusa yatsa yana iya rasa yatsan, ya karya haƙori, ko ya jawo amai.

Mataki na huɗu: kira, da sunan mutum

Kada ka ce a kira mota, domin kowa zai zaci wani ya kira. Ka nuna mutum ɗaya, ka ambaci sunansa, ka ce ya buga waya ya faɗa musu zuciyar mutum ta tsaya, ya faɗi sunan filin da ƙofar shiga. Ka nuna wani ka ce ya ɗauko na'ura da gudu. Idan kai kaɗai ne, ka buɗe lasifikar wayar, ka ajiye ta a ƙasa, kana magana kana aiki.

Mataki na biyar: danna ƙirji

Wannan shi ne jigon abin da ma'aikatan lafiya ke kira CPR. Hannunka ne zai maye gurbin zuciya, yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa har a samu abin da zai tayar da ita.

A yi a wurin da ya faɗi, a kan ƙasa mai tauri. Kada a ɗauke shi zuwa bakin fili ko ɗakin sauya kaya, sai in wurin yana da haɗari. Ka yaye ko ka yanke rigar. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, a rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka sarƙe yatsu. Ka miƙe gwiwoyin hannunka kada su lanƙwashe, kafaɗunka su zo daidai saman hannuwanka, ka danna da nauyin jikinka, ba da ƙarfin damtse ba.

Ƙirjin babba ya lotsa santimita 5 zuwa 6. Saurin kuma sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirjin ya dawo daidai ba tare da ka ɗauke hannu ba, domin a lokacin dawowar ne zuciya take cika da jini. Wanda ya jingina a kan ƙirjin bai bar shi ya taso ba, yana matsa zuciyar da babu komai a cikinta. Ka riƙa ƙirgawa da ƙarfi don na kusa su bi ka.

Kana iya jin haƙarƙari ya yi ƙara ko ya karye a ƙarƙashin hannunka. Yana faruwa, kuma ba dalilin tsayawa ba ne. Ƙashi yana warkewa. Abin da na fi jin tsoro shi ne dannawa sama-sama don tausayi, wadda ba ta kai jini ko'ina.

Aikin yana da gajiyarwa fiye da yadda ake zato. Bayan minti biyu ƙarfin dannawa yana raguwa ko da mai yi bai ji ya gaji ba. Saboda haka wani ya durƙusa a ɗaya gefen yana jira, ku riƙa karɓar juna kowane minti biyu, sauyin kada ya ɗauki fiye da 'yan daƙiƙu. Wannan ma wani dalili ne na horar da mutane da yawa.

Game da hura numfashi: idan an horar da kai kuma ka yarda, bayan dannawa 30 ka ɗaga haɓa, ka toshe hanci, ka rufe bakinsa da naka ko da abin rufe baki, ka hura na daƙiƙa ɗaya har ka ga ƙirji ya taso, sau biyu, ka koma dannawa. Tsayawar kada ta kai daƙiƙa goma, kuma idan iskar ba ta shiga ba kada ka tsaya nanatawa. Idan ba ka iya ba ko ba ka so, ka ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa. Ga babban da ya faɗi farat ɗaya, akwai sauran iska a jininsa na mintocin farko, shi ya sa tun 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da dannawa zalla ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba.

Yara da wanda aka tsamo daga ruwa lamarinsu daban ne, domin su galibi rashin iska ne yake tsayar musu da zuciya. A fara musu da hura numfashi sau biyar, sannan dannawa da hurawa a jere. Ƙirjin yaro ya lotsa kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, da hannu ɗaya ko biyu gwargwadon girmansa.

Mataki na shida: na'urar farfaɗo da zuciya

A mafi yawan faɗuwar 'yan wasa, zuciyar ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Lantarkin da ke tsara bugunta ne ya rikice, sai ta koma karkarwa ba ta tura jini. Dannawa tana sayen lokaci ne kawai, ba ta cika gyara wannan rikicewar ba. Abin da ke gyara ta shi ne bugun lantarki daga na'urar da za ka ga an rubuta AED a jikinta. Idan aka yi amfani da ita cikin minti uku zuwa biyar na farko, fiye da rabin mutane suna iya rayuwa. Burin da ake sa wa a filayen wasa shi ne a ba da bugun farko cikin minti uku da faɗuwa.

An ƙera ta ne domin wanda ba likita ba. Da ta iso ka kunna ta, za ta riƙa faɗa maka abin yi da murya. Mai dannawa kada ya tsaya yayin da kake shiryawa. Ka goge gumin ƙirjin da tawul, domin ɗan wasa a jiƙe yake kuma faifan mannawa ba ya kamawa a kan gumi. Idan gashi ya yi yawa, ka aske wurin da sauri. Faifai ɗaya a saman ƙirji ta dama, ƙasa da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ɗayan a gefen hagu ƙasa da hammata. Akwai hoto a jikin kowanne. Idan mace ce, dole a cire duk abin da ya rufe ƙirjin, sauran 'yan wasa su juya baya su kewaye ta, ko a riƙe zane a kare ta, amma kada neman sutura ya jawo jinkiri. Yaro ƙasa da shekara 8 akwai faifansa na musamman. Idan babu, a yi amfani da na manya, ɗaya a tsakiyar ƙirji ɗaya a tsakiyar baya.

Na'urar za ta ce kowa ya ɗauke hannu tana dubawa. Idan ta ce a ba da bugu, ka duba ka tabbata babu mai taɓa shi, ka faɗa da ƙarfi, ka danna maɓallin. Nan take a koma danna ƙirji, kada a tsaya kallon ko ya farfaɗo. Bayan minti biyu za ta sake dubawa da kanta. Idan ta ce ba a buƙatar bugu, a ci gaba da dannawa. Ba za ta bugi wanda ba ya buƙata ba, don haka babu abin fargaba a ɗora ta. Ko ya farka, kada a cire faifan, domin zuciyar tana iya sake rikicewa.

Na san ƙungiyoyi da yawa ba su da ƙarfin sayen ta. Shawarata, ƙungiyoyin da ke amfani da fili ɗaya su haɗa hannu su mallaki guda, ko su nemi hukumar wasanni ko masu ɗaukar nauyin gasa su sa ta cikin kasafi kafin kofi da riguna. Idan an samu, kada a kulle ta a ofishin da mai makullinsa ya tafi gida. Wurinta bakin fili ne, a wasa da atisaye.

Idan babu na'ura kuma babu motar asibitin da za ta zo, a ci gaba da dannawa a kawo motar da za a iya shimfiɗe shi a kan abu mai tauri, a ci gaba da yi a hanya, wani kuma ya kira asibitin su shirya. Dannawa a cikin mota mai tafiya ba ta kai ta ƙasa inganci ba, amma jefa shi a kujerar baya a yi ta gudu ba mai danna komai, wannan kai gawa ne. Ba a dainawa sai ya fara numfashi sosai ko motsi, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko ƙarfin kowa ya ƙare. Idan ya dawo yana numfashi amma bai farka ba, a juya shi kan gefensa, a ɗan ɗaga haɓarsa, a zuba wa numfashinsa ido har a isa asibiti.

Buguwar kai da wuya

Bayan zuciya, wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ɗan wasan yakan miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, koci kuma yana son ya yarda. Ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Jiri, ciwon kai, tangaɗi, kallon da ba ya tsayawa wuri ɗaya, jinkirin amsa, ko kasa faɗin wa ake karawa da shi da wanda ya ci ƙwallon ƙarshe, kowanne ya isa a fitar da shi. Ba zai koma ba a ranar, ko wasan ƙarshe ne. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kumbura ta, musamman a wurin yara da matasa. Hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta shigar da ƙarin canji na musamman domin irin wannan rauni cikin dokokin wasa tun Yulin 2024, don gasar da ta zaɓi amfani da shi kada ƙungiya ta ji ta yi asara.

Alamun suna iya ɓoyewa har kwana uku, don haka a sanar da mutanen gidansu, kada a bar shi shi kaɗai a ranar, kada ya tuƙa mota. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, asibiti nan take. Idan yana kukan wuya, ko yana jin hannu da ƙafa sun yi sanyi ko kamar ana tsira musu allura, kada a motsa shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu a yadda ya same shi har masu aikin su zo. Ɗaukar mutum cak, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, tana iya mayar da raunin da zai warke ya zama shanyewar jiki. Amma idan ba ya numfashi, numfashi ne gaba da wuya, a juya shi a hankali a fara dannawa.

Zafin rana

Ɗan wasan da ya fara sambatu, faɗa ba dalili, ko tangaɗi a ranar zafi, jikinsa ya yi zafi rau, ana zargin zafin cikinsa ya haura digiri 40, kuma wannan yana lalata ƙwaƙwalwa, hanta da ƙoda. Yana iya kasancewa yana gumi har lokacin, kada gumin ya rufe ku. A nan, saɓanin tsayawar zuciya, ruwa ne maganin. A fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi: a cire kaya, a tsoma jikinsa har wuya cikin ruwan sanyi idan akwai abin tsomawa, ko a shimfiɗe shi a inuwa a yi ta kwara ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi. Rabin sa'ar farko ce ke raba gardama. Kada a ba wanda hankalinsa bai dawo ba abin sha. Mai ɗauke da ƙwayar sikila, ko da ba ya ciwon, ya fi shiga haɗari idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa. Idan ya ce ƙafafunsa sun saki, a tsayar da shi, kada a kira shi rago.

Sauran raunuka a taƙaice

Jini mai zuba: a sa safar hannu, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi ba ɗagawa, idan ya jiƙe a ƙara wani a kai. Karaya ko gocewar ƙashi: kada a ja, kada a yi ƙoƙarin miƙewa ko mayarwa, a tallafe gaɓar yadda take a kai asibiti. Targaɗe: hutu, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, ɗauri mai ɗan matsewa, a ɗaga ƙafar, ban da murza a kwanakin farko. Haɓo: ya sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, ya matse wurin hanci mai laushi minti 10 zuwa 15. Haƙorin babba da ya fita: a riƙe shi ta kai ban da saiwa, a mayar da shi raminsa idan zai yiwu ko a saka shi a madara, a ga likitan haƙori cikin sa'a ɗaya. Mai asma ya zauna a miƙe ya shaƙi maganinsa, wanda ya kamata ya kasance a bakin fili ba a gida ba. Mai ciwon suga da ya fara rawar jiki da gumi, a ba shi abu mai zaƙi muddin yana iya haɗiya. Mai farfaɗiya da aka sani, a kawar da abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, idan ta wuce minti biyar a nemi asibiti. Idan aka ji tsawa a bar fili, kada a dawo sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Wanda aradu ta faɗa wa babu lantarki a jikinsa, a taɓa shi a fara dannawa idan ba ya numfashi.

Mataki na ƙarshe: maimaitawa

Ƙwarewar danna ƙirji tana dusashewa cikin 'yan watanni idan ba a taɓa ta, tun kafin takardar shaidar ta ƙare aiki. Saboda haka a farkon kowace kakar wasa, sannan kowane wata uku, ku ware minti goma sha biyar na atisaye. Koci ya shirya da ɗan wasa ɗaya a asirce ya faɗi ana cikin gudu, wani ya riƙe agogo. A auna daƙiƙa nawa aka yi kafin a isa gare shi, kafin a ambaci wanda zai kira, kafin jaka da na'ura su iso. Dannawar kanta a yi ta a kan mutum-mutumi, ba a kan mai lafiya ba. A irin wannan gwaji ne za ku gano ƙofar mota a kulle take, ko lambar da kuka rubuta ba ta shiga, ko almakashin ya ɓace.

A naɗa mutum ɗaya mai duba jaka kowane wata. Batirin na'ura da faifanta suna da ranar daina aiki a rubuce a jikinsu, kuma faifan da aka yi amfani da shi sau ɗaya ba a maimaita shi. Idan kun je wasa a filin wasu, kafin a fara ku tambayi masu masauki ina na'urarsu take, ta ina mota ke shiga, wane asibiti ne kusa, ku kuma gaya wa alƙalin wasa waɗanda aka horar a cikinku don ya san su idan ya ga sun ruga cikin fili.